Jam'iyya ɗaya ke mulki, amma gwamnati ta rufe kwana 43: me ke damun majalisar Amurka?

Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ta tsayar da ayyukanta da dama, saboda majalisa ba ta amince mata da kuɗin kashewa ba. An ce wa dubban ɗaruruwan ma'aikata su zauna a gida, wasu kuma aka tilasta musu zuwa aiki ba albashi. Kwana 43 aka yi a haka, kuma ba a taɓa yin rufewar da ta kai wannan tsawo ba kafin nan. Abin da ya fi ɗaure wa masu bin labarin kai shi ne, a lokacin jam'iyyar Rifablikan ce ke riƙe da fadar shugaban ƙasa, ita ke da rinjaye a majalisar wakilai, ita ke da rinjaye a ta dattawa. To wa ya hana ta zartar da kasafinta?

Abubuwa biyu ne suka ci karo. An gina ƙa'idojin majalisar a kan cewa babu wanda zai yi doka sai ya sasanta da abokin hamayyarsa. Tsarin zaɓe kuwa, a shekarun nan, ya koma yana hukunta duk ɗan majalisar da aka gani yana sasantawa.

## Rufewa ba rashin kuɗi ba ce

Shekarar kasafin Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. Kafin ranar ya kamata majalisa ta zartar da ƙudurori 12 da ke raba kuɗi ga ma'aikatu. Tun da aka soma aiki da wannan tsari a shekarun 1970, sau 4 kacal aka kammala su duka a kan lokaci, na ƙarshe a 1996. Abin da aka saba yi shi ne kasafin wucin gadi na makonni ko watanni, wanda ke barin ma'aikatu su ci gaba da kashe abin da suke kashewa a bara. Idan shi ma ya gagara, sai a rufe.

Akwai tsohuwar doka tun ta 1884 da ta hana jami'in gwamnati kashe kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Shekaru da yawa ma'aikatu ba sa rufewa idan an makara, sukan ci gaba da aiki da zaton kuɗi na nan tafe. Sai a 1980 da 1981 ministan shari'a na lokacin, Benjamin Civiletti, ya fassara dokar da tsauri: in babu kasafi a tsaya, sai ayyukan da suka shafi kare rai da dukiya. Daga nan makara ta zama makami. Najeriya ta kwaikwayi tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, amma ba ta da wannan matsala, domin sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da cire kuɗi har tsawon wata 6 idan kasafi bai fito ba.

Manyan rufewar da aka yi duk kamanninsu ɗaya. A ƙarshen 1995 zuwa farkon 1996 an yi kwana 21 tsakanin Shugaba Bill Clinton da majalisar da Newt Gingrich ke jagoranta. A 2013 an yi kwana 16, lokacin da 'yan Rifablikan suka ce sai an karya ko an jinkirta dokar inshorar lafiya ta Obama. Daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 an yi kwana 35 a kan dala biliyan 5.7 da Trump ya nema don gina katanga a iyakar Meziko. A 2025 'yan Dimokurat ne suka ja tunga, suka ce ba za su ba da ƙuri'a ba sai an tsawaita tallafin da ke rage wa miliyoyin mutane kuɗin inshorar lafiya, wanda wa'adinsa zai ƙare a ƙarshen shekarar. Hujjar da 'yan Rifablikan suka ba da, cewa a buɗe gwamnati tukuna kafin a zauna tattaunawa, ita ce dai hujjar da 'yan Dimokurat suka ba su a 2013.

## Rinjaye bai isa ba, sai ƙuri'a 60

Majalisar wakilai mai kujeru 435 tana yin doka da rinjaye mai sauƙi. Ta dattawa mai kujeru 100, biyu daga kowace jiha, ita ce ke da sarƙaƙiya. A can, kafin a rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori a kai ga ƙuri'ar ƙarshe, sai sanatoci 60 sun yarda. Ƙin yarda a rufe muhawarar shi ake kira filibasta. Babu shi a kundin tsarin mulki, ƙa'idar cikin gida ce. A 1917 aka kafa hanyar rufe muhawara da kashi biyu cikin uku, a 1975 aka rage zuwa 60.

A da, wanda ke son toshe ƙuduri sai ya tsaya da ƙafarsa yana magana. Strom Thurmond ya yi sa'a 24 da minti 18 a 1957 yana adawa da wata dokar 'yancin baƙar fata. Yanzu ba a buƙatar wannan wahala, sanarwa kawai ta isa, shi ya sa abin da ake yi jefi-jefi ya zama na kullum. A 2025 'yan Rifablikan na da sanatoci 53. Ba su kai 60 ba, saboda haka dole su nemi ƙuri'un 'yan adawa, kuma an yi ta kaɗa ƙuri'a fiye da sau goma ana faɗuwa.

Matsayin jam'iyyun a kan filibasta yana bin kujerar da suke zaune ne. A 2013 'yan Dimokurat ƙarƙashin Harry Reid suka cire shi daga tantance ministoci da alƙalan ƙananan kotunan tarayya. A 2017 'yan Rifablikan ƙarƙashin Mitch McConnell suka cire shi daga tantance alƙalan Kotun Ƙoli. A Janairun 2022 'yan Dimokurat suka so sassauta shi don zartar da dokar zaɓe, sai biyu daga cikinsu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka ƙi. A lokacin rufewar 2025 kuma Trump ne ya buƙaci a soke shi, shugaban masu rinjaye John Thune ya ƙi, yana tunanin ranar da jam'iyyarsa za ta koma marar rinjaye.

Akwai ƙofar baya guda ɗaya, wata hanya ta musamman ta daidaita haraji da kashe kuɗi wadda ƙuri'a 51 ke isa. Ta nan ne kowace jam'iyya ke cusa manyan manufofinta ita kaɗai. Dokar rage haraji ta 2017 ba ta samu ƙuri'ar ɗan Dimokurat ko ɗaya ba. Dokar yanayi da lafiya ta 2022 ta wuce da 51 da 50, mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ce ta raba gardama. Babbar dokar haraji ta Yulin 2025 ita ma 51 da 50, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba. Amma kasafin shekara-shekara na ma'aikatu ba ya bin wannan ƙofa.

## Yadda aka zo nan

Ba haka jam'iyyun suke ba a tsakiyar ƙarni na 20. Kowacce tana ɗauke da masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi a cikinta. 'Yan Dimokurat na jihohin kudu sun fi 'yan Rifablikan na arewa maso gabas tsauri nesa ba kusa ba. Har a 1950 wani kwamitin ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta ƙasar ya yi ƙorafin cewa jam'iyyun ba su bambanta yadda mai zaɓe zai san abin da yake zaɓa ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wuce majalisar dattawa da 73 da 27, kuma ƙuri'un 'yan Rifablikan ne suka taimaka aka karya filibastan 'yan Dimokurat na kudu.

Masu kewar wancan zamani sukan manta da abu ɗaya: zaman lafiyar da ke cikin majalisar ya ginu ne a kan kawar da kai daga wariyar launin fata a kudu, inda aka hana yawancin baƙar fata yin zaɓe. Da aka taɓo wannan batu da dokar 1964 da ta zaɓe ta 1965, sai gini ya soma motsi. A hankali, cikin shekaru kusan 30, fararen fatar kudu suka koma Rifablikan. Batun zubar da ciki, bindiga, addini da baƙin haure suka biyo baya. Yau manyan birane, yawancin baƙar fata da masu digiri sun karkata ga Dimokurat, yayin da karkara, ƙananan garuruwa da fararen fata masu riƙo da coci suka karkata ga Rifablikan. Jam'iyya ta tashi daga ra'ayi a kan haraji ta koma alamar ko wane ne mutum, a ina yake zaune, da wa yake hulɗa.

Wani sanadin da ba a cika ambata ba shi ne kusancin ƙarfi. Daga 1955 zuwa 1995, shekara 40, 'yan Dimokurat ne ke riƙe da majalisar wakilai. Ɗan Rifablikan da ke son kawo wa mazaɓarsa wani abu ya san dole ya lallaɓa masu rinjaye. Zaɓen 1994 ya rushe wannan. Tun daga nan majalisar ta sake canja hannu a zaɓukan 2006, 2010, 2018 da 2022, kuma a zaɓen 2024 tazarar 220 da 215 ce. Wanda ke hango mulki nan da shekara biyu ba shi da dalilin taimaka wa mai ci ya yi abin a zo a gani. Ya fi masa riba a ce gwamnati ta gaza.

Kafafen yaɗa labarai sun ƙara wa wutar mai. A 1987 aka soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin kawo ɓangarori biyu na muhawara, a 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC, daga baya shafukan sada zumunta suka zo. Binciken cibiyar Pew na 2022 ya gano cewa kashi 72 cikin 100 na 'yan Rifablikan na ganin 'yan Dimokurat sun fi sauran Amurkawa rashin ɗa'a, kashi 63 na 'yan Dimokurat na faɗin haka a kan 'yan Rifablikan. A 2016 alƙaluman 47 ne da 35.

## Zaɓen da ɗan majalisa ya fi tsoro

Nan ne zuciyar maganar. Mafi yawan kujerun majalisar wakilai an san jam'iyyar da za ta ci su tun kafin a buga takardar ƙuri'a. A zaɓen 2020, mazaɓu 16 kacal cikin 435 ne suka zaɓi shugaban ƙasa daga jam'iyya ɗaya, wakili daga ɗaya. A 2016 duk jihar da aka yi zaɓen sanata, jam'iyyar da ta ci na shugaban ƙasa ita ta ci kujerar.

Wanda kujerarsa ke hannun jam'iyyarsa ko ta halin ƙaƙa, ba babban zaɓen Nuwamba yake tsoro ba, zaɓen fidda gwani yake tsoro. A Amurka ba wakilan jam'iyya ke fidda ɗan takara a ɗaki ba, jama'a ne ke fita su kaɗa ƙuri'a. Sai dai kaɗan ne ke fita, kuma masu fitar su ne 'yan ga-ni-kashe-ni. A idonsu, haɗa kai da ɗaya ɓangaren cin amana ne.

Misalan suna nan kowane ɗan majalisa ya haddace su. A 2014 Eric Cantor, na biyu a shugabancin 'yan Rifablikan a majalisar wakilai, ya sha kaye a hannun wani malamin jami'a da ba a sani ba. A 2018 Joe Crowley, jigo a Dimokurat, ya faɗi a hannun Alexandria Ocasio-Cortez. Cikin 'yan Rifablikan 10 da suka goyi bayan tsige Trump a Janairun 2021, biyu ne kawai suka dawo majalisa bayan zaɓen 2022. Shugabanni ma ba su tsira ba. Kevin McCarthy sai da aka kaɗa ƙuri'a zagaye 15 kafin ya zama kakakin majalisa a Janairun 2023. A ƙarshen Satumba ya dogara da ƙuri'un 'yan Dimokurat ya hana gwamnati rufewa, ranar 3 ga Oktoba aka tsige shi da 216 da 210, karo na farko a tarihin ƙasar. Majalisar ta yi mako uku ba kakaki, ba a iya zartar da komai.

Rikicin 2025 ma daga nan ya samo tushe. A watan Maris, jagoran 'yan Dimokurat a majalisar dattawa Chuck Schumer ya ba da ƙuri'ar da ta bar kasafin wucin gadi na 'yan Rifablikan ya wuce, magoya bayan jam'iyyarsa suka yi masa ca. Da Oktoba ta zo, ba shi da sauran fuskar sake yin haka. Sanatoci 8 daga ɓangarensa da suka ɓalle a Nuwamba aka samu 60 da 40, babu ko ɗaya cikinsu da zai tsaya gaban masu zaɓe a 2026. Biyu sun riga sun sanar da ritaya, sauran wa'adinsu bai zo ba. Abin da suka samu shi ne alƙawarin za a kaɗa ƙuri'a a kan tallafin inshorar. An kaɗa a Disamba, bai kai 60 ba.

## Shata mazaɓu

A yawancin jihohi majalisar jiha ce ke zana iyakokin mazaɓu bayan ƙidayar da ake yi duk shekara 10. Mai rinjaye yakan tattara magoya bayan abokin hamayya a mazaɓu kaɗan, ya warwatsa sauran yadda ba za su yi tasiri ba. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga irin wannan ƙara. A 2025 Texas ta sake zane a tsakiyar zango da nufin ƙara wa Rifablikan kujeru 5, masu zaɓen Kalifoniya kuma suka amince a Nuwamba da nasu sabon zanen don ramawa.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa wannan duka laifin ba. Sanata jiha guda yake wakilta, ba a zana masa iyaka, amma majalisar dattawa ita ma ta rabu gida biyu. Ko da amintaccen alƙali ne ya zana taswira, tsakiyar birni da ƙauyukan karkara ba za su zama wuraren da ake gwabzawa ba, tunda mutanen da kansu sun riga sun zauna rukuni-rukuni.

## Wa ke da laifi?

'Yan Rifablikan suna cewa Dimokurat ce ta yi nisa a kan al'amuran jinsi, baƙin haure da faɗaɗa gwamnati, kuma jinkirin majalisa ba aibi ba ne, haka waɗanda suka kafa ƙasar suka tsara don kada rinjaye na ɗan lokaci ya danne kowa. 'Yan Dimokurat suna cewa Rifablikan ce ta fara mayar da kasafi da bashi abin garkuwa, suna kuma nuni da ƙin amincewa da sakamakon zaɓen 2020 da harin da aka kai ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021. Suna ƙorafin cewa Wyoming mai mutane ƙasa da 600,000 tana da sanatoci daidai da Kalifoniya mai kusan miliyan 39.

Masana ma kansu a rabe yake. Wasu, bisa nazarin yadda 'yan majalisa ke kaɗa ƙuri'a tun shekarun 1970, suna cewa duka jam'iyyun sun bar tsakiya amma Rifablikan ta fi yin nisa. Wasu suna amsawa da cewa wannan ma'auni ba ya kama yadda Dimokurat ta sauya a kan batutuwan zamantakewa. Akwai kuma gardama a kan ko talakawa ne suka rabu ko 'yan siyasa ne kawai, tunda Amurkawa da yawa ra'ayinsu a cakuɗe yake, zaɓi biyu kawai ake ajiye musu. Jam'iyya ta uku ba ta da wurin numfashi a tsarin da wanda ya zo na ɗaya ke kwashe komai: ɗan takara mai zaman kansa Ross Perot ya samu kusan kashi 19 na ƙuri'u a 1992 bai ci jiha ko ɗaya ba.

Adalci ne a ce majalisar ba ta mutu ba. Tallafin korona na Maris ɗin 2020 ya wuce majalisar dattawa da 96 babu mai adawa, dokar gina hanyoyi da gadoji ta 2021 ta samu 69 da 30. Ana sasantawa idan bala'i ya matso, ko idan batun bai zama tutar wata jam'iyya ba.

## Wanda abin ke faɗa wa

Ma'aikacin gwamnati yana da dokar 2019 da ta ce a biya shi albashinsa bayan an buɗe. Mai shara, mai gadi da mai dafa abinci da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila ba su cikin wannan doka, abin da ya wuce ya wuce. A Nuwamban 2025 tallafin abinci da mutane kusan miliyan 42 ke dogara da shi ya samu tsaiko. Masu kula da zirga-zirgar jiragen sama suna aiki ba albashi, har hukuma ta ba da umarnin rage tashin jirage a manyan filaye 40. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa rufewar 2018 zuwa 2019 ta ci tattalin arziki dala biliyan 11, biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba. Ja-in-ja a kan iyakar cin bashi ya sa kamfanin S&P mai auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi ya rage darajar bashin Amurka a 2011, Fitch ya bi sahu a 2023.

Illar da ta fi daɗewa ita ce inda iko ke komawa. Abin da majalisa ta kasa yi, shugaban ƙasa ke yi da umarni, kotu ta tabbatar ko ta soke, magajinsa ya zo ya warware. Tun 1986 ba a yi cikakken gyaran dokar shige da fice ba. Ƙudurin da ya samu 68 da 32 a majalisar dattawa a 2013 ko ƙuri'a ba a kaɗa masa ba a ta wakilai, shi ya sa makomar baƙo ke sauyawa da sauyin mai zama a fadar. Yarjejeniyar yanayi ta Paris kuwa Obama ya shiga, Trump ya fita, Biden ya koma, Trump ya sake ba da umarnin fita a Janairun 2025.

Abin yana isowa har Afirka ta Yamma. Ranar da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, 26 ga Yulin 2023, Amurka ba ta da jakada a Yamai. Sunan Kathleen FitzGibbon, wadda aka zaɓa don muƙamin, ya kusa shekara yana jiran majalisar dattawa, sai washegarin juyin mulkin aka tabbatar da ita. Shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda George W. Bush ya kafa a 2003 kuma Najeriya ke cikin manyan masu cin gajiyarsa, an saba sabunta shi shekara biyar-biyar da hannun jam'iyyun biyu, amma a 2024 shekara ɗaya kawai aka ba shi bayan taƙaddama a kan zubar da ciki. Dokar AGOA mai ba kayan Afirka damar shiga kasuwar Amurka ba haraji, wa'adinta ya cika ranar 30 ga Satumban 2025 majalisa ba ta sabunta ta a kan lokaci ba, duk da tana da magoya baya a ɓangarorin biyu.

## Gyaran da ake magana

Wasu na son a soke filibasta, mai rinjaye ya yi mulki, masu zaɓe su yi masa hisabi. Masu adawa suna cewa hakan zai sa a riƙa gina doka ana rushewa duk shekara huɗu. Wasu sun fi mai da hankali kan zaɓen fidda gwani. Alaska ta koma tsarin da 'yan takarar kowace jam'iyya ke shiga zagayen farko tare, huɗun farko su wuce, mai zaɓe kuma ya jera su bisa fifiko. Da shi ne Sanata Lisa Murkowski, wadda ta goyi bayan hukunta Trump a 2021, ta sake cin zaɓe a 2022. Amma a 2024 masu zaɓe a jihohi da dama sun ƙi irin wannan tsari, a Alaskan ma da ƙyar ya sha.

Shawara mafi sauƙi ita ce irin tanadin da ke cikin kundin Najeriya: idan kasafi ya makara, na bara ya ci gaba da kansa. An sha gabatar da ƙudurori masu wannan manufa daga jam'iyyun biyu. Masu kula da rabon kuɗi a majalisar suna adawa da su, suna cewa in babu barazanar rufewa babu abin da zai tilasta wa kowa zama ya rubuta sabon kasafi. Kuma shi ma ƙudurin hana rufewar, kafin ya zama doka, sai ya samu sanatoci 60.